DOKA TUN TANA ƊANYA AKE TANƘWARA TA

A wani zaman wayar da kai da matasa suka shirya a Kaduna, wani malamin jami'a masanin shari'a da tsarin mulki ya gabatar da jawabi mai tsawo a kan yadda ake yin doka a Nijeriya, da kuma rabon da talaka yake da shi a cikin wannan aiki. Zaman ya samu halartar ɗalibai da 'yan kasuwa da ma'aikata da masu sana'ar hannu, maza da mata. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan ya yi godiya ga Allah ya kuma gai da mahalarta, Malam ya fara da jan hankali cewa babu wani mutum a wurin wanda doka ba ta shiga aljihunsa ba a wannan rana, ko ya sani ko bai sani ba. Ya ce harajin da ake cira a kan katin waya, da kuɗin da ake karɓa a ƙofar kasuwa, da sharaɗin da ake gindaya wa mai son buɗe makaranta ko shagon magani, duk wasu mutane ne suka zauna suka rubuta su, wasu kuma suka amince da su da sunan jama'a. "Amma in aka tambaye mu, 'yan uwa, yaushe aka yi muhawara a kan wannan doka, wa ya kawo ta, me wakilinmu ya ce a ranar, sai ka ga ana kallon-kallo. Ba mu jin labarin doka sai ranar da ma'aikaci ya tsaya a ƙofar shago da takarda a hannunsa. Daga nan sai ihu bayan hari."

Malam ya bayyana cewa tsarin da ƙasar nan take bi tun 1999 shi ne dimokuraɗiyya ta wakilci, wato tunda jama'a sun yi yawan da ba za su taru a zaure ɗaya ba, sai su tura waɗansu su yi magana da yawunsu. A Abuja akwai sanatoci 109 da 'yan Majalisar Wakilai 360, jimla mutum 469. A kowace jiha kuma akwai Majalisar Dokoki mai wakilai tsakanin 24 zuwa 40. Ya ce a zaɓen 2023 mutanen da suka yi rajista sun haura miliyan 93, wanda ke nufin in aka raba, kowane ɗan Majalisar Wakilai yana ɗauke da muryar kusan mutum 260,000 masu rajista, ban da yara da waɗanda ba su yi rajista ba. Kuma a wannan zaɓe waɗanda suka fito suka jefa ƙuri'ar shugaban ƙasa ba su kai kashi 30 cikin 100 ba.

"To ina tambayar ku," in ji Malam, "wane ɗan kasuwa ne a cikinku zai aiki yaronsa Legas da dukiyarsa, ya ce masa sai mun haɗu bayan shekara huɗu? Za ka buga masa waya, za ka tambaye shi farashi, za ka ce kar ya sayi wannan, ya sayi wancan. Wakili ɗan aike ne. Wanda ya yi aike kuwa bai sauke nauyi ba har sai saƙo ya isa."

TSOHUWAR MATSALA CE

Daga nan Malam ya koma tarihi, don a cewarsa wanda bai san inda aka fito ba ba zai gane dabarun da ake yi masa a yau ba. Ya ce tsarin mulkin Gwamna Richards na 1946 Turawa ne suka rubuta shi ba tare da sun tuntuɓi 'yan ƙasa ba, kuma sukar da ya sha a kan haka ita ta sa Gwamna Macpherson ya canja salo. Kafin tsarin mulkin 1951 an bi mataki-mataki ana jin ra'ayi, daga ƙauye zuwa gunduma, zuwa lardi, zuwa jiha, har aka kai ga babban taron Ibadan a watan Janairu na 1950, inda wakilan Arewa suka tsaya kai da fata sai an ba su rabin kujerun majalisar tsakiya, aka kuma ba su. Ya ce abin lura a nan shi ne ko ɗan mulkin mallaka ya gane cewa dokar da ba a shawarci mutane a kanta ba, ba ta daɗewa.

Sai ya zo kan zamanin soja. A 1975 Janar Murtala Muhammad ya kafa kwamitin rubuta tsarin mulki ƙarƙashin Cif Rotimi Williams, mutum 49, babu mace ko ɗaya a cikinsu. Biyu daga cikinsu, Dakta Yusufu Bala Usman da Dakta Segun Osoba, suka ƙi yarda da rahoton masu rinjaye suka rubuta nasu dabam. Daga 1977 zuwa 1978 majalisar tsara tsarin mulki ta zauna ƙarƙashin Mai Shari'a Udo Udoma, a nan ne aka yi zazzafar muhawarar kotun ɗaukaka ƙara ta Shari'a a matakin tarayya, har wakilai Musulmi da dama suka fice daga zauren a watan Afrilu na 1978. Bayan duk wannan, gwamnatin soja ta Janar Obasanjo ta karɓi daftarin ta yi masa nata ƙare-ƙaren, ciki har da cusa dokar mallakar filaye ta 1978 a cikin kundin, wadda har yau take riƙe da wuyan kowane mai gona da mai fili.

Amma misalin da Malam ya fi daɗewa a kansa shi ne na Janar Ibrahim Babangida. Ya ce bayan ya karɓi mulki a watan Agusta na 1985, ya buɗe muhawara ga kowa da kowa a kan ko Nijeriya ta karɓi bashin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, IMF, ko kada ta karɓa. Jaridu suka cika da rubuce-rubuce, ɗalibai da 'yan ƙwadago da malaman jami'a da 'yan kasuwa suka yi ta magana, akasarinsu suka ce ba sa so. A watan Disamba na shekarar gwamnati ta ba da sanarwar cewa ta ji muryar jama'a, ba za ta karɓi bashin ba. Mutane suka yi murna. Ba a shekara ba, a 1986, aka ɓullo da shirin SAP, wanda ya ƙunshi yawancin sharuɗɗan da IMF ta nema tun farko, har da karya darajar Naira. "An ƙi cinya, an kawo ƙafar baya," in ji Malam. Ya ƙara da cewa a 1986 ɗin dai aka kafa hukumar jin ra'ayin jama'a kan makomar siyasa ƙarƙashin Dakta Samuel Cookey, ta zagaya ƙasa, ta karɓi dubban takardu, ta miƙa rahoto a 1987, gwamnati ta zaɓi abin da ya yi mata daɗi ta watsar da saura.

Darasin da ya ciro daga nan shi ne akwai bambanci tsakanin a saurare ka da a bar ka ka yi ta magana. Mai mulki yakan buɗe ƙofar muhawara don mutane su fitar da abin da ke cikinsu su huce, shi kuwa ya riga ya gama shawararsa. Ya ce duk wanda zai shiga wannan fage ya shiga da idonsa a buɗe.

ABIN DA KUNDI YA BAYAR DA ABIN DA YA HANA

Game da tsarin mulkin da ake aiki da shi, Malam ya tunatar da cewa gwamnatin Janar Abdulsalami Abubakar ce ta fitar da shi ta dokar soja mai lamba 24 ta 1999, bayan kwamitin Mai Shari'a Niki Tobi ya yi 'yan makonni yana karɓar ra'ayoyi a ƙarshen 1998. Gabatarwar kundin tana magana da yawun al'ummar Nijeriya, alhali ba a taɓa kai shi gaban al'ummar sun jefa masa ƙuri'a ba.

Duk da haka, ya ce akwai abin kamawa a ciki. Sashe na 14 ya faɗa ƙarara cewa iko na jama'a ne, daga gare su gwamnati ke samun ƙarfinta, kuma wajibi ne a tabbatar da shigar jama'a cikin harkar mulkinsu. Sai dai wannan sashe yana cikin babi na biyu, sashe na 6 kuma ya hana kotu sauraron ƙara a kan cewa gwamnati ta saɓa wa abin da ke cikin wannan babi. "An ba ka haƙƙi da hannun dama, an ɗauke mabuɗin kotu da hannun hagu." Don haka babu wata aya a kundin da ta tilasta wa majalisa ta zauna jin ra'ayin jama'a kafin ta zartar da doka. Abin ya rataya ne a kan ƙa'idojin cikin gida na majalisa da kuma al'ada.

Ya kwatanta wannan da Afirka ta Kudu, inda tsarin mulkin 1996 ya wajabta wa majalisar ƙasa da ta larduna su buɗe wa jama'a hanyar shiga aikin yin doka. Wata ƙungiyar likitoci ta kai majalisa ƙara, a 2006 kuma Kotun Tsarin Mulki, a hukuncin da Mai Shari'a Sandile Ngcobo ya rubuta, ta soke dokoki biyu, ɗaya a kan masu maganin gargajiya, ɗaya gyara ce ga dokar zubar da ciki. Kotun ba ta duba kyau ko munin abin da dokokin suka ƙunsa ba. Hujjarta ita ce majalisar wakilan larduna ba ta ba jama'a damar da ta kamata ba, sai ta ba majalisa wata 18 ta koma ta yi abin da ya dace. Ya ce Kenya ma ta sa irin wannan sharaɗi a tsarin mulkinta na 2010, amma rubutu kaɗai bai isa ba, domin a watan Yuni na 2024 majalisar ƙasar ta zartar da ƙudurin ƙarin haraji duk da ƙin da jama'a suka nuna, matasa suka kutsa harabar majalisa ranar 25 ga wata, aka rasa rayuka, washegari Shugaba William Ruto ya ce ba zai sa hannu ba. "Abin da aka ƙi ji a zauren kwamiti, an zo an ji shi a kan titi, amma bayan an zubar da jini. Wannan asara ce ga kowa."

INDA AKE TANƘWARA ICCE

Malam ya ɗauki lokaci yana bayyana hanyar da ƙuduri ke bi kafin ya zama doka, yana mai cewa rashin sanin wannan hanya shi ne rabin matsalar. A karatu na farko sunan ƙudurin kawai ake ambata. A karatu na biyu ake muhawara a kan manufarsa gaba ɗaya, in ya tsallake sai a miƙa shi ga kwamiti. Kwamitin ne yake kiran zaman jin ra'ayin jama'a, ya karɓi takardu, ya saurari masu magana, ya rubuta rahoto. Daga nan majalisa ta bi shi sashe-sashe, a yi karatu na uku, a aika wa ɗaya majalisar. In an samu saɓani tsakanin majalisun biyu, a kafa kwamitin daidaitawa. Sai a kai wa shugaban ƙasa, wanda sashe na 58 ya ba shi kwana 30 ya sa hannu ko ya ƙi. In ya ƙi, kashi biyu cikin uku na kowace majalisa za su iya zartar da dokar ba da shi ba, kamar yadda aka yi wa Shugaba Obasanjo a 2000 a kan dokar kafa hukumar raya yankin Neja Delta.

"A duk wannan tafiya," in ji shi, "matakin kwamiti shi ne lokacin da icce yake ɗanye. A nan ake cire kalma a sa wata, a nan ake rage tara, a nan ake share sashe ɗungurungum. Ranar da aka buga doka a jaridar gwamnati, icce ya bushe, sai dai karyawa, karyawa kuwa sai kotu ko wata sabuwar doka, kowanne kuma shekaru ne."

Sai ya lissafa abubuwan da ke hana talaka isa wannan mataki. Na farko, yawancin zaman a Abuja ake yin su, mutumin Gumel ko Illela kuwa sai ya yi kuɗin mota da na masauki don a ba shi minti biyar, in ma an ba shi. Na biyu, sanarwar takan fito ne a jaridun Turanci kwanaki kaɗan kafin zaman. Na uku, shi kansa ƙudurin da Turancin lauyoyi ake rubuta shi, ko da yake sashe na 55 ya ce majalisar tarayya za ta yi aiki da Turanci, da kuma Hausa da Ibo da Yarabanci idan an yi tanadin da ya dace, tanadin da aka shafe fiye da shekara 25 ba a yi ba. Na huɗu, a zauren ma'aikatun gwamnati da manyan kamfanoni ake fara ba wa dama, kafin a zo kan ƙananan ƙungiyoyi lokaci ya ƙure. Na biyar kuma, babu wanda yake dawowa ya gaya maka me aka yi da shawararka, an karɓa ko an ƙi, da dalilin ƙin.

Ya kawo misalin dokar komawa tsohon taken ƙasa a watan Mayu na 2024, wadda Majalisar Wakilai ta yi mata karatu uku a rana ɗaya, shugaban ƙasa ya sa hannu ranar 29 ga watan, duka-duka cikin kusan mako guda, duk da cewa Ministan Shari'a da kansa ya ba da shawarar a faɗaɗa tuntuɓa. Ya ce idan suna so doka takan yi gudu, idan ba su so sai ta shekara goma tana rarrafe.

ZAMAN MAZAƁU NA 2012

Malam ya ce adalci ne a faɗi inda aka yi ƙoƙari. Ranar 10 ga Nuwamba, 2012, Majalisar Wakilai ƙarƙashin Aminu Waziri Tambuwal ta umarci kowane wakili ya koma mazaɓarsa, a mazaɓu 360, ya tara jama'a a bi tambayoyi sama da 40 a kan gyaran tsarin mulki, a kaɗa ƙuri'a a kan kowace. Cikin abubuwan da jama'a suka goyi baya da babban rinjaye akwai 'yantar da kuɗin ƙananan hukumomi daga hannun gwamnoni. To amma sashe na 9 ya ce gyaran tsarin mulki ba ya tabbata sai da kashi biyu cikin uku na majalisun tarayya, sannan da amincewar majalisun jihohi 24 daga cikin 36. Da maganar ƙananan hukumomi ta isa majalisun jihohi sai ta mutu a can. Sauran gyare-gyaren da suka tsira kuma Shugaba Jonathan ya ƙi sa musu hannu a 2015. Sai a ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, shekara 12 bayan jama'a sun faɗi haka da bakinsu.

A nan ya ja hankalin mahalarta zuwa ga majalisun jihohi, waɗanda ya ce su ne suka fi kusa da mutane amma su aka fi mantawa da su. Ya tuna cewa a gyaran 2010 an kai musu shawarar a ba su 'yancin gashin kansu ta fuskar kuɗi, amma ba a samu jihohi 24 da suka yarda ba. "Majalisar da ta ƙi karɓar 'yancin kanta don tsoron gwamna, me za ka kira ta in ba 'yar amshin Shata ba? Kuma a hannunta dokar kasuwa da ta makarantun firamare da ta asibitocin jiha da kasafin kuɗin jiharku suke."

Game da kiranye, ya ce sashe na 69 da na 110 sun ba mazaɓa ikon dawo da wakilinta gida, amma sai fiye da rabin masu rajista sun sa hannu a takardar koke, hukumar zaɓe ta tantance, sannan a yi ƙuri'ar raba gardama cikin kwana 90. A watan Afrilu na 2018 aka gwada a kan Sanata Dino Melaye na Kogi ta Yamma, sa hannun da aka iya tantancewa bai wuce kimanin kashi 5 cikin 100 na masu rajista ba. Ya ce a ƙasar da ko ranar babban zaɓe ba a samun rabin masu rajista, wannan sharaɗi ya mai da kiranye takobin ado.

INDA MURYAR JAMA'A TA YI AIKI

Don kada a tashi da mutuwar jiki, Malam ya kawo lokutan da matsin jama'a ya canja doka. Na farko shi ne tazarcen 2006, lokacin da aka nemi gyara tsarin mulki don Shugaba Obasanjo ya yi wa'adi na uku. Aka riƙa nuna muhawarar Majalisar Dattawa kai tsaye a talabijin, kowane sanata ya san mutanen garinsu suna kallon bakinsa, ranar 16 ga Mayu, 2006, majalisar ƙarƙashin Ken Nnamani ta yi watsi da ƙudurin.

Na biyu, dokar 'yancin samun bayanai. Ƙungiyoyin 'yan jarida da na kare haƙƙi sun fara tsara ta tun 1993 ana cikin mulkin soja, ta shiga majalisa a 1999, aka zartar a 2007 Obasanjo bai sa hannu ba, suka sake komawa farko, har Jonathan ya sa hannu ranar 28 ga Mayu, 2011. Shekara 18 ke nan ana bin abu ɗaya. Dokar ta ba ɗan ƙasa ikon rubuta wa hukumar gwamnatin tarayya ya nemi bayani, a ba shi amsa cikin kwana 7.

Na uku, dokar rage shekarun tsayawa takara, wadda ƙungiyoyin matasa suka bi ta daga 2016, majalisa zuwa majalisa, jiha zuwa jiha, suna wallafa sunayen waɗanda suka yarda da waɗanda suka ƙi, har Shugaba Buhari ya sa hannu ranar 31 ga Mayu, 2018. Shekarun takarar shugaban ƙasa suka sauko daga 40 zuwa 35, na Majalisar Wakilai da na jiha daga 30 zuwa 25.

Na huɗu, ƙudurin taƙaita kafofin sada zumunta na intanet na 2019, wanda a zaman jin ra'ayi na watan Maris na 2020 akasarin masu magana suka yi tir da shi, bai sake ɗagowa ba. Na biyar, a watan Yuli na 2021 aka tilasta wa sanatoci jefa ƙuri'a ɗaya bayan ɗaya a kan aika sakamakon zaɓe ta na'ura, 52 suka zaɓi a gindaya sharaɗi, 28 suka ƙi. Sunaye suka bazu a ƙasa, a watan Oktoba majalisar ta janye matsayinta. Ya ce wannan ya nuna dalilin da ya sa 'yan majalisa suka fi son ƙuri'ar murya, inda ake ihun e da a'a, shugaba ya buga guduma, ba a san wa ya ce me ba.

Na ƙarshe, dokokin gyaran haraji da aka kai majalisa a watan Oktoba na 2024. Gwamnonin Arewa da sarakuna da malamai da ƙungiyoyi suka yi ta magana a kan ƙarin harajin VAT da tsarin rabonsa, aka yi zaman jin ra'ayi a watan Fabrairu na 2025. Kafin a sa hannu ranar 26 ga Yuni, 2025, an bar harajin a kashi 7.5 cikin 100 yadda yake, an kuma rage kason da aka so a ba wa inda aka tara kuɗin daga kashi 60 zuwa 30. Malam ya ce ko mutum yana goyon bayan dokokin ko ba ya goyo, ya ga cewa abin da ya shiga majalisa ba shi ne ya fito ba.

Abin da ya haɗa waɗannan misalai, a cewarsa, shi ne mutane sun tashi tun kafin a gama, sun san sashen da suke magana a kai, sun zo a ƙungiyance, kuma sun sa kowane wakili ya san za a ambaci sunansa.

TAMBAYA DA AMSA

Wani matashi ya miƙe ya ce, "Malam, Allah ya ƙara sani. Mu muna ganin wannan duk wasa da hankali ne. Waɗanda suka sayi ƙuri'a da taliya da sabulu, ta yaya takardarmu za ta canja musu ra'ayi? Shiga cikin abin ma ai kamar halatta musu ne."

Malam ya amsa da cewa ƙorafin yana da tushe, kuma shi ma rabin jawabinsa a kan haka ya tafi. "Amma ɗan uwa, dokar da ka ƙaurace wa ita ba za ta ƙaurace maka ba. Za ta same ka a shago, ta same ka a gona, ta sami ɗanka a makaranta. Kujerar da ka bari a zauren kwamiti ba za ta zauna wayam ba, lauyan kamfani zai zauna a kanta ya faɗi abin da ya dace da ubangidansa, a rubuta a rahoto cewa an ji ra'ayin jama'a. Faɗa wa mai iko gaskiya a gabansa ba ya nufin ka yarda da duk abin da yake yi. Ko ba a karɓa ba, ka kafa hujja, kuma an rubuta cewa an faɗa."

Wata malamar makaranta ta tambayi abin da mutanen da ba su da kuɗin zuwa Abuja za su iya yi. Malam ya ce a fara da majalisar jiha, wadda kuɗin mota ɗaya zai kai mutum. Kowace ƙungiya, ta 'yan kasuwa ce ko ta direbobi ko ta manoma ko ta malaman makaranta, ta ware mutum biyu masu karatu da aikinsu shi ne bin diddigin ƙudurorin da suka shafi sana'arsu, su nemo kwafi, su fassara wa sauran da Hausa. Idan za a rubuta takarda ga kwamiti kada ta wuce shafi biyu, a ambaci lambar sashe, a faɗi illarsa da misali daga sana'ar, a kawo kalmomin da ake so a sa a madadinsa, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma zagi ba ya shiga rahoto. A kai kwafi ofishin akawun kwamiti a karɓi shaidar an karɓa, a kai wani ofishin wakili na mazaɓa, a ba gidan rediyo wani. Takarda tana isa inda mai ita bai isa ba, kuma majalisun tarayya biyu suna da kwamitin karɓar koke-koken jama'a wanda ake shigar da koke ta hannun wakili.

Ya ƙara da cewa duk lokacin da wakili ya zo gida, kafin a kai masa takardar neman taimakon biki ko suna, a tambaye shi ƙudurori nawa ya yi magana a kansu, wane ɓangare ya zaɓa, da dalilinsa. "Muddin abin da muke nema a wurinsa buhun shinkafa ne, to da buhun shinkafa zai sallame mu, ya ba wasu doka."

A ƙarshe Malam ya yi kira da a sa buƙatu uku a gaba a duk lokacin da aka buɗe gyaran tsarin mulki: a wajabta jin ra'ayin jama'a a kan kowace doka ta yadda kotu za ta iya soke wadda aka yi ba tare da shi ba, a riƙa rubuta sunan kowane wakili da abin da ya zaɓa, a kuma fassara ƙudurori zuwa harsunan mutane kafin a zauna a kansu. Ya ce waɗanda suka nemi dokar samun bayanai sun yi shekara 18 ba su gaji ba, don haka kada wanda ya rubuta takarda ɗaya bai ga sakamako ba ya ce ya gama nasa.

Daga nan aka rufe zaman da addu'ar Allah ya ba ƙasa zaman lafiya, ya kuma ba al'umma shugabanni masu jin maganarta.